Akushin da Aka Rasa Mai Riƙewa

Ranar wata Litinin, a kakar shekarar da nake aji biyar, an gama yankan gero ana shirin dashen albasa, Malama Rabi ta rufe littafin da take karanta mana, ta ɗora shi a kan tebur, ta ce yau mu za mu yi aiki. Littafin labarin yara ne da ta sayo a Sakkwato, bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi, kuma shi kaɗai ne irinsa a makarantar ƙauyenmu da ke gabas da Wurno, a bakin fadama. Labarin wasu yara biyu ne 'yan birni, wa da ƙanwa, waɗanda kyanwarsu ta ɓace suka shiga gari nema. Iyayensu ba su da suna a ciki, daga Baba sai Mama, kuma marubucin bai faɗi shekarun kowa ba. Malama ta ce mu gano shekarun iyayen nan da kanmu. Sai ta ce marubuci kamar mai tafiya a rairayi yake, ko bai faɗi inda ya bi ba, sawunsa zai faɗa. Ta sa muka bi sawun ɗaya bayan ɗaya: babban yaron yana aji huɗu, uban ya yi aure da gama makarantarsa, har yanzu yana saɓa 'yar a kafaɗa ya hau bene da gudu, uwar tana goyo, tsohuwarta kuma tana da sauran ƙarfin tuƙa tuwo. Kafin a fita tara mun tsaya a kan cewa uban bai kai arba'in ba, uwar kuma talatin da 'yan kai. Ana cikin murna sai Luba ta ɗaga hannu daga bencin baya ta ce, "Malama, ke nan ko ba a rubuta ba, ana iya gane wa ab babba tsakanin mutum biyu?" Malama ta ce ƙwarai kuwa. Luba ba Malama take kallo ba lokacin da aka ba ta amsa, ni take kallo.

Ni da Luba gida ɗaya muke, ƙofa ɗaya, rijiya ɗaya, kuma ban tuna ranar da muka taɓa shiri ba. Mahaifina da nata 'ya'yan wa da ƙane ne. Nawa ana ce masa Ɗanlami, nata Ɗanjuma, mu yara muna kiransa Baffa. A damina ɗaya aka haife su, rana ɗaya aka raɗa musu suna, wanzami ɗaya ya yi musu kaciya a safiya ɗaya, suka tashi a gandu ɗaya suna noma kunya kusa da kunya. Abu ɗaya ne ba a sani ba, wato wanda ya riga wani zuwa duniya. A wani wuri wannan ba komai ba ne, a gidanmu kuwa shi ne komai. Ƙane ke fara gaida wa. Ƙane ke tuɓe takalmi ya durƙusa. Ranar da babu babba a gida, wa ke riƙe gandu, shi ke buɗe rumbu, shi ke cewa gobe gona kaza za a shiga. A lokacin gandun yana hannun ƙanen kakanninmu, wanda muke kira Tsoho, shi kaɗai ya rage a cikin sa'o'insa, ƙafa ta fara ƙi, ido ya fara hazo. Kowa ya san ranar da ya kau, dole ɗaya daga cikin mutanen nan biyu ya durƙusa wa ɗaya, ko kuma gidan ya rabu.

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba da Baffa sun gaisa ba. Ba wai ba sa magana ba, suna yi, amma ta aiki kawai, kowa yana kallon wani wuri. In suka yi kiciɓis a zaure da safe, sai kowa ya yi wa bango sallama, bangon kuma ba ya amsawa. Wurin cin tuwo ne abin ya fi fitowa fili. Su uku ke ci a akushi ɗaya a zaure, su da Tsoho, ni ko Luba ke kai musu ruwan wanke hannu. A al'adarmu babba ke fara sa hannu, ƙarami kuma shi ke dafe bakin akushi da hannun hagu don kada ya yi rawa. To da zarar Tsoho ya gutsura, sai hannuwa biyu su faɗa cikin tuwon a tare kamar an ƙirga musu, hannuwan hagu kuwa kowa ya naɗe nasa a kan gwiwa. Akushin nan ya yi ta ƙwal-ƙwal a kan tabarma, miyar kuka tana tsiyaya ta gefe. Da Tsoho ya gaji sai ya samo wani ɗan dutse yana tokare shi. Dutsen nan ya fi su duka ladabi, don shi kaɗai ya yarda ya zama ƙarami a zauren.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni da Luba mun ɗauki gabar nan mun raine ta fiye da masu ita. In aka tura mu surfe, kowa da turminta, kuma ba a yarda a haɗa luguden taɓarya ba. In aka tura mu korar tsuntsaye a gonar shinkafa, ita tana wancan bakin tana koro su wajena, ni ina nan ina mayar mata, tsuntsaye suna ci a tsakiya hankali kwance. A rijiya kowa tana son gugarta ta fara sauka. A wasan carafke a gindin dogon yaron tsakar gida ba mu taɓa kai ƙarshe ba, sai an yi zargin cuta an watsar da duwatsu. Ko gaɗa aka kafa a dandali, ba na yarda in faɗa hannun Luba, don na san sakina za ta yi. Iyayenmu mata sun yi faɗa har sun gaji, suka bar mu da halinmu.

Saboda haka da Malama Rabi ta koya mana bin sawu, sai ta zama kamar ta miƙa wa kowace wuƙa. 'Yan ajinmu suka koma gida suna taƙamar iyayensu matasa ne irin na cikin littafi, mu biyu kuwa muka koma kowa tana neman abin da zai tsofar da nata uban. Da can Baba yakan kira ni da la'asar in cire masa furfura a gemu, ina yi ina jin daɗi. Daga ranar na ce idona yana ciwo. Na bar furfurar ta yi ta yaɗo, ina leƙawa kullum kamar mai duba shuka. Luba ta zo makaranta da labarin cewa mahaifinta ya yi giɓi, haƙoran tsufa sun fara zuba. Na ce ba tsufa ba ne, jaki ne ya harbe shi a hanyar kasuwar Goronyo, kowa ya sani. Ta ce shi ya fara aure. Na ce gaggawa ce, ai ba girma ba. Na ce Baba ya riga shi fara azumi, ta ce Baba yana sha a ɓoye a bakin gulbi, shi ya sa. Har tsawon inuwarsu mun auna da kara ba su sani ba. Duk hujjar da ɗaya ta kawo, kafin a tashi makaranta ɗaya ta huda ta.

Ina yankan lawashi a fadama, wato ganyen albasa da muke dakawa mu dunƙula gabu, amsar ta faɗo mini, har na kusa yanke yatsa. Ɗanlami ai wanda aka haifa ranar Alhamis ne, Ɗanjuma kuwa ranar Juma'a. Kwana na yi ina juyi don ɗokin gari ya waye. Da aka fita tara na hau kututturen da ke bakin aji, na tara yara, na tambaye su wace rana ce ke fara zuwa, Alhamis ko Juma'a. Suka amsa baki ɗaya. Na ce to wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi, daga yau Baffa ya riƙa dafe akushi. Aka yi wa Luba eho. Ta tsaya ta yi fiƙi-fiƙi da ido. Ranar nan na ci ƙosai na ba 'yan aji saura, ina tafiya ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Washegari Luba ta same ni a wurin, a gaban yaran jiya, ta riƙe ƙugu ta ce, "Ke Kulu, wace Juma'a? Ta bayan Alhamis ɗinku, ko wadda taw wuce kahin ta?" Gaskiya ta faɗa, in Baffa na Juma'ar makon baya ne, to shi ne gaba. Sai na ba ta amsa da hannu. Na yaga mata hijabi, ta kafa mini haƙori a damtse, tabon yana nan har yau. Malama Rabi ta raba mu da bulala, ta sa muka share filin makaranta, kowa ta fara daga nata ƙarshen, muka bar tsakiya ba shara.

Sawu ɗaya ya rage, kuma yana ɗakin kakata, Kaka Ige, mahaifiyar Baba. Labarin haihuwar nan kowa a gidan ya san rabinsa. Baba da Baffa duk 'ya'yan fari ne, don haka iyayensu mata duk sun tafi goyon ciki gidajen iyayensu, Kaka Ige wajen Rabah, mahaifiyar Baffa kuma Shinaka. A daminar gulbi ya cika ya haɗiye hanya, mutanen gida suna ta fama da kwashe hatsi zuwa tudu. Sai da ruwa ya janye 'yan saƙo biyu suka iso rana ɗaya, wannan ya ce an haihu ran Alhamis, wancan ya ce ran Juma'a. Murna ta hana kowa tambayar wane mako. Aka tara malamai aka raɗa suna a zama ɗaya. Amma masu jegon biyu sun sani, don da suka dawo sun zauna shekaru a tsakar gida ɗaya, kuma babu yadda za a yi mace ta manta wadda ta riga wata sauke tukunyar wankan jego. Mahaifiyar Baffa ta rasu tun ba a haife mu ba. Saura Kaka Ige. Matsalar ita ce uwa ba ta zancen ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta shigar masa faɗa ko da shi ke da gaskiya. Ni ban taɓa jin sunan Baba a bakinta ba, sai dai ta ce "wancan" ko "mutumin zaure". Babu babban da zai iya tunkarar ta da tambayar. Jika ce kawai ke da bakin wasa da kaka, sai na ce ni zan shiga ta wannan ƙofar.

Na same ta da hantsi a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, mazari yana juyawa a kan 'yar tasa. Na fara da tsokana kamar kullum, na ce tsohuwa mai ran ƙarfe, ta ce ja'ira mai bakin tsiya. Da na ga ta saki jiki sai na jefa tambayar. Mazarin ya tsaya.

"Mi kika ce?"

Na maimaita, na ƙara da cewa in ba ta faɗa ba, ranar da Tsoho ya mutu gidan nan rabuwa zai yi.

Ta ajiye audugar da ke hannunta. Sannan ta ce, "Ke ɗiyar ga ba ki da ta ido. Ina kika taɓa jin uwa ta buɗe baki ga zancen ɗan hwari? Na san wadda tar riga wata gama wanka, awo na sani. Amma wagga magana da ni za a bizne ta."

Na yi kuka, na yi magiya, na ce ko da ido ta nuna mini. Ta murza mazarinta ta ce in tashi in ba ta iska.

Mutane suna yabon kunyar Kaka Ige har gobe, suna cewa irin matan nan sun ƙare. Ni kam haushinta nake ji, kuma ba zan ɓoye ba. Na juya maganar shekara da shekaru. In ɗanta ne babba, to ta zaɓi a ce mata mai alkunya a kan haƙƙin ɗan da ta haifa. In kuma Baffa ne babba, to kunyar ta zama mata bargo, ta lulluɓe gaskiya da ita don kada ɗanta ya durƙusa. Ko ta ina na biyo, ba ta fita. Kalma ɗaya ce, ba ta fi a faɗe ta tsakanin murza mazari da naɗe zare ba.

Tsoho bai ga wata kaka ba. Ranar da aka share makoki, mata suka tuƙa tuwo suka zuba a akushin nan kamar kullum, na ɗauki ruwan wanke hannu na bi baya. Baba da Baffa suka zauna, akushi a tsakiya, ɗan dutsen a gefe. Yanzu babu wanda zai fara gutsura ya ba su hanya. Baffa ya miƙa hannu, Baba ya riƙe masa wuyan hannu. Babu wanda ya ɗaga murya. Suka zauna a haka suna kallon juna har miya ta yi sanyi ta kama fata, sannan kowa ya tashi. Washegari akushi biyu aka fitar. Dattawan gari suka shiga tsakani, har wani malami dangin gidanmu ya zo daga Wurno. Da magana ta ƙi, shi ne ya yi ƙarfin hali ya tsaya a bayan ɗakin Kaka Ige ya roƙe ta don girman Allah. Ina ciki a lokacin. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa ƙofa baya. Malamin ya jira, ya gaji, ya ce Allah ya kyauta.

Aka raba. Da farko dangar kara aka ja, kafin damina ta zama katangar ƙasa, ta bi ta tsakiyar inda muke carafke. Rijiya ta faɗa wajensu, dogon yaro wajenmu, mu muna da inuwa babu ruwa, su suna da ruwa babu inuwa. Aka auna hatsin rumbu, aka raba awaki, aka ja igiya a fadama. Da aka zo kan injin ban ruwa, wanda guda ɗaya ne, kowa ya ce in ya bar wa ɗaya ya amsa ƙanƙanta ke nan. Sai masu rabo suka yi abin da ya fi ƙarfin hankalina har yau: Baffa ya ɗauki injin, Baba ya ɗauki tiyo. A ranin nan injin yana ɗakin Baffa an lulluɓe shi da buhu, tiyo yana naɗe a rataye a namu, tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi kaurin katanga ba. Mu kuma muna fadama da bokiti da masaki, muna ɗibar ruwa muna watsa wa albasa kamar zamanin kakanni. Kafaɗata ta saɓule, tafin hannuna ya yi kanta. Ina hango Luba a nasu ɓangaren da nata bokitin, ita ma a sunkuye. Albasar ta fito ƙanana kamar goro, ba ta ko cika rudu ɗaya ba, wato rumfar karan da muke adana ta a ciki. Babu wanda ya aika wa wani yaro ya ce a ara masa.

Kaka Ige ta cika alkawarinta, da ita aka binne maganar. Ni na yi aure a Wurno, Luba a Goronyo. Daga baya 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu, yau a kore shanu, gobe a ɗauki mutum a gona, har ƙauyen ya watse. Baba da Baffa duk suka taso cikin Wurno, kowa ya kama ɗakin haya a unguwa daban. Gandun da aka yi ta jayayyar wanda zai riƙe, ciyawa ce ta riƙe shi. Shekara biyu da suka wuce Baba ya kwanta, bai tashi ba. An yi masa wanka an shirya shi a ɗaki, mu 'ya'ya muna zagaye muna yi masa addu'a kafin a fita da shi, sai ga Baffa yana dogara sanda, Luba tana riƙe da shi. Tun daga ƙofar gida ya tuɓe takalmi. Ya shigo, ya jingine sandar, ya durƙusa a gaban makara da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, irin durƙuson da ƙane ke yi. Ya ce, "Yaya, an tashi lahiya?" Ɗakin ya ɓarke da kuka. Mata suna cewa Allahu akbar, jini ba wasa ba ne. Ni idona ya bushe ƙamas. Ban san ko gaskiya ya sani ya faɗa ba, ko kuwa ya ga yanzu girman ba ya cin masa komai, babu rumbu, babu gandu, babu akushi. Luba ta matso ta dafa ni, karon farko a rayuwarmu, ta ce, "Kulu, kin ji abin da babana yac ce?" Na ce, "Na jiya. Shi dai wanda anka gaisar bai ji ba."

Yaran yanzu kowa ya san ranar da aka haife shi, har waya ke tuna musu. Kwanakin baya 'yata ta dawo daga makaranta da wani littafin labari, an ba su irin aikin da Malama Rabi ta ba mu, ta gama kafin a kira magariba, ta samu uban cikin labarin matashi ne, ta yi ta murna. Sai ta tambaye ni shekarun kakanta nawa da ya rasu. Na ce ban sani ba, na dai san sa'an Baffa ne. Har yanzu ban yafe wa mutanen nan uku ba, Baba da Baffa da Kaka Ige, kuma ban ga ranar ba. Amma wani lokaci in ina zuba tuwo a kwanukan roba, kowane yaro da nasa, sai kunnena ya jiyo ƙwal-ƙwal ɗin akushin nan a kan tabarmar zaure, Tsoho yana laluben dutsensa, Luba tana harara ta daga bakin ƙofa, awaki suna shigowa daga kiwo. A lokacin ba ma shiri, amma duk muna nan. Ashe ko gaba ma tana bukatar gida.